Yadda Ake Bin Sawun Kuɗin Aikin Mazaɓa, Daga Kasafin Kuɗi Har Bakin Famfo

A bayan makarantar firamaren unguwarmu akwai wani baƙin tanki a kan ƙarfe. An zagaye gindinsa da bulo, an jera kawunan famfo shida, an kafa allo da hoton mai girma ɗan majalisa yana murmushi. Ranar da aka buɗe shi ruwa ya zuba, mata suka rangaɗa guɗa, aka ɗauki hotuna. Kwana uku tsakani ya ƙafe ƙaf. Sai daga baya maigadin makarantar ya faɗa mana cewa da motar tanka aka zo aka cika shi cikin dare, ramin da aka haƙa kuwa ko laima bai taɓo ba. 'Yan ga-ruwa suka ci gaba da cin kasuwarsu, mu kuma muka koma sana'ar da muka fi ƙwarewa a kai: zaman majalisa bayan la'asar, ana kurɓar shayi ana tsine wa ɓarayin gwamnati.

Shekara biyu muka yi muna tsinuwar, ba ta kawo ko ɗigo ba. Da aka ɗora mini sakataren ƙungiyar cigaban unguwa ne na fara tambayar abin da ya kamata mu tambaya tun ranar farko: wace hukuma ce ta ba da aikin, nawa aka ware, nawa aka biya, wa ya sa hannu cewa an gama? Abin da na koya a hanyar neman amsar shi zan shimfiɗa a nan.

Kafin komai, a cire wani tunani daga kai. Mun saba cewa "kuɗin gwamnati ne", kamar daga sama suke faɗowa. Kowane katin waya da ka saya akwai harajin kayayyaki na kashi 7.5 cikin 100 a cikinsa, wanda aka ƙara daga kashi 5 a watan Fabrairun 2020. Mai Keke Napep yana yankar tikiti kullum, mai tumatir tana biyan kuɗin rumfa. Tun da aka janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, kowa ya ji a jikinsa, kason da gwamnatoci ke rabawa duk wata kuma ya ƙaru. Wanda ya biya kuɗin abu, in ya tambayi inda abin yake, ba rashin kunya ya yi ba.

Zaɓi aiki ɗaya tak

Manyan lambobi suna kashe jiki. A Nuwamban 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya tsaya a wani taron hukumar ICPC mai yaƙi da cin hanci ya ce an ware wa ayyukan mazaɓu kusan naira tiriliyan 1 cikin shekara goma, ba tare da talaka ya gani a ƙasa ba. A 2016 ɗan majalisa Abdulmumin Jibrin ya tayar da ƙurar cushe a kasafin kuɗi, Majalisar Wakilai ta dakatar da shi. A Maris na 2024 Sanata Abdul Ningi ya faɗa wa BBC Hausa cewa akwai tiriliyoyi a kasafin shekarar da ba a ga ayyukan da aka jingina su da su ba, shi ma aka dakatar da shi. A 2025 ƙungiyar BudgIT mai bin diddigin kasafin kuɗi ta ce ta ƙirga ayyuka 11,122 na naira tiriliyan 6.93 da majalisa ta cusa a kasafin. Ka ji, ka yi salati, ka kashe rediyo. Me mutumin Gezawa ko Illela zai yi da tiriliyan?

Amma rijiya guda, ko azuzuwa biyu, ko ɗakin shan magani da aka bari babu rufi, wannan za ka iya taka ƙafarka ka je ka gani. Saboda haka zaɓi aiki ɗaya, wanda ake iya taɓawa da hannu, wanda kuma rashinsa ke damun mutane da yawa. Kada ka fara da ayyukan "tallafa wa matasa" ko "horar da mata sana'a". A nan ne aka fi yin rub da ciki, ICPC da kanta ta sha faɗin haka, amma kama su yana da wuya, domin hujjar da ake kawowa jerin sunaye ce da hoton mutane a zaure. Gini kuwa ba ya ɓuya.

Nemo layinsa a kasafin kuɗi

Fara da allon da ke wurin aikin, in akwai. Ɗauki hotonsa yadda rubutun zai karantu. Yawanci yana ɗauke da sunan aikin, hukumar da ta bayar, kamfanin da aka ba wa, da ɗan majalisar da ya kawo shi. A duk abin da ke allon, sunan hukumar ne mafi amfani gare ka, ba hoton ba.

Ga dalili. A ƙa'ida ɗan majalisa ba ya ba da kwangila. Shi dai yana gabatar da aikin, a saka shi a kasafi ƙarƙashin wata ma'aikata ko hukuma ta ɓangaren zartarwa, ita ce za ta tallata, ta zaɓi kamfani, ta duba aiki, ta biya. Abin da ke faruwa a bayan fage daban, kowa ya sani, sau da yawa kamfanin ma daga aljihun mai girma ya fito. Amma a takarda hukumar ce ke da alhaki, kuma takarda kake bi.

Ofishin Kasafin Kuɗi na Tarayya yana ɗora dokar kasafin kowace shekara a shafinsa na intanet, kyauta. Kundin ya haura shafi dubu, da Turanci, don haka kada ka ce za ka karanta shi tun daga farko. Buɗe shi a kwamfuta, ko ka je shagon masu buga takardu, ka yi amfani da wurin neman kalma. Rubuta sunan garinku, sannan na ƙaramar hukuma, sannan na mazaɓa. Ayyukan mazaɓu na asali, waɗanda aka daɗe ana ware wa naira biliyan 100 a shekara, suna da nasu jadawalin daban da ake kira ZIP. Duba shi, ka kuma duba babban kundin, domin yanzu mafi yawan abin da 'yan majalisa ke sakawa a cikinsa yake.

Wani abu da ya ɓatar da ni kwana biyu: masu buga kasafi ba su san lanƙwasa ba, ba su kuma damu da daidaita suna ba. Ɗambatta za ta iya zuwa da "n" ko da "m". Birnin Kudu ta koma B/Kudu, Tudun Wada ta koma T/Wada. Gwada kowace siga, har da rabin sunan.

Kada kuma ka ce sai a Ma'aikatar Ruwa za ka nemi rijiya. Hukumomin raya koguna irin su Hadejia-Jama'are da Sokoto-Rima suna ɗauke da ayyukan mazaɓu masu yawa, haka SMEDAN mai kula da ƙananan sana'o'i da hukumar raya garuruwan kan iyaka. Za ka tarar da kwalejin aikin gona da ke wata jiha mai nisa an ba ta kafa fitilun sola a titin garinku, ko cibiyar bincike an ba ta sayen babura. In ka ga haka, ruwa ba ya tsami banza. Hukumar da ba ta da injiniya, ba ta da ofis kusa da ku, wa zai zo ya duba mata aikin?

In ka samu layin, kwafe abu biyar a littafinka: lambar aikin, wadda ke farawa da ERGP ko ZIP, sunansa kalma da kalma, hukumar, adadin kuɗin, da ko an rubuta sabo ne ko wanda ake ci gaba da shi. Sannan ka koma kasafin shekarar baya da ta gaba. Aiki ɗaya yakan fito sau biyu ko uku, kowace shekara a matsayin sabo. Wani kuma a rubuta shi da gangan a dunƙule, "a wasu zaɓaɓɓun garuruwa na mazaɓar", ba a ambaci ko ɗaya ba. Irin wannan, jerin garuruwan shi ne abu na farko da za ka nema a wasiƙarka.

In duk wannan ya gagara, manhajar Tracka ta BudgIT, wadda ke bin irin waɗannan ayyuka tun 2014, tana jera su jiha-jiha.

An saki kuɗin kuwa?

A nan mutane da yawa ke yin tuntuɓe. Ganin kuɗi a kasafi ba shi ne an biya ba. Kasafi alkawari ne. Akan saki rabi, akan saki kwata, akan ƙi sakin komai, kuma a 'yan shekarun nan an sha tsawaita wa'adin manyan ayyuka su tsallaka wata shekarar. In ka fita kana ihun an cinye miliyan kaza alhali ba a saki ko sisi ba, da takarda ɗaya za a rufe maka baki, kuma daga ranar ba wanda zai sake sauraronka.

Tun Disamban 2019 gwamnatin tarayya ta buɗe shafin baitulmali a intanet, mai suna Open Treasury Portal, inda aka umarci ma'aikatu su riƙa wallafa duk biyan da ya haura naira miliyan 5, da sunan wanda aka biya da dalilin biyan. BudgIT ta tattara bayanan a wani shafin mai suna Govspend, wanda ya fi sauƙin bincike. Saka sunan kamfanin da ka gani a allo. Ka lura da kwanan wata da bayanin da ke gefe: kuɗin kafin alƙalami ne, ko kashi na biyu, ko biyan ƙarshe? Dokar ba da kwangila ta 2007 ta ƙayyade kafin alƙalami kada ya wuce kashi 15, gyaran da aka yi a dokar kuɗi ta 2020 ya ɗaga shi zuwa kashi 30 ga 'yan kwangilar cikin gida. Sauran sai an ga aiki, jami'i ya sa hannu a takardar shaida. Adadin da za ka gani yakan gaza na kwangilar kaɗan saboda harajin da ake cirewa tun daga tushe, wannan ba sata ba ce.

Shafin yakan tsaya, wasu watanni ma babu su. Rashin ganin biya a can ba hujja ba ce cewa ba a biya ba. Shi ya sa mataki na gaba ya fi kowanne nauyi.

Rubuta wasiƙar neman bayani

Dokar 'Yancin Samun Bayanai, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu ranar 28 ga Mayun 2011, ita ce sandar da talaka ke da ita, mafi yawanmu kuma ba mu taɓa ɗaga ta ba. Ta ba kowa damar neman takardun hukuma, kuma ta faɗa ƙarara cewa ba sai ka bayyana dalilinka ba. Hukuma tana da kwana 7 ta amsa. Tana iya ƙara wasu 7 in takardun suna da yawa, amma sai ta sanar da kai a rubuce. In ta ƙi, dole ta rubuto sashen dokar da ta dogara da shi. In ta yi shiru har wa'adi ya cika, doka ta ɗauki shirun a matsayin ƙi, kana da kwana 30 ka garzaya kotu. Hana bayani ba bisa ƙa'ida ba yana da tarar naira 500,000. Ba a biyan komai sai kuɗin kwafi. Wanda bai iya rubutu ba yana iya wakilta wani, ko ya faɗa da baki jami'i ya rubuta masa.

Shekaru da yawa jihohi suna cewa dokar ta tarayya ce, ba ruwansu. A Afrilun 2025 Kotun Ƙoli, a wata shari'a da ta taso daga jihar Edo, ta yanke cewa dokar ta hau kan jihohi ma. Don haka hukumar ilimin bai ɗaya ta jiha ko sakatariyar ƙaramar hukuma ba su da wannan mafakar yanzu.

Wasiƙar shafi ɗaya ta isa. A rubuta da Turanci tunda shi ne harshen ofis. Malamin makaranta ko ɗan bautar ƙasa zai taimaka. A aika wa shugaban hukumar da muƙaminsa, ba da sunansa ba. A kai a rubuta cewa buƙata ce ƙarƙashin dokar ta 2011. A kawo sunan aikin da lambarsa da shekararsa, sannan a jera abin da ake so: kwafin takardar ba da kwangila, sunan kamfani da adadin kwangilar, takardar ƙididdigar kayan aiki da 'yan kwangila ke kira BOQ, jerin duk kuɗin da aka biya da ranakunsu, takardun shaidar aiki da sunan jami'in da ya sa musu hannu, in rijiya ce, rahoton binciken ƙasa da na zurfin da aka haƙa. A ƙarshe a tunatar da su wa'adin kwana 7, a sa adireshi da lambar waya.

Kada ka tambayi "me ya sa". Wannan tambaya ce da za a amsa maka da surutu. Nemi takarda da sunanta. Kada kuma ka saka zargi ko zagi, ko kalma ɗaya. Wanda zai buɗe wasiƙar ƙaramin ma'aikaci ne, ba shi ya ci kuɗin ba, kuma da hannunsa fayil ɗinka zai tafi ko ya kwanta.

Buga kwafi biyu, ka kai da kanka sashen karɓar wasiƙu. Ranar da na kai tamu, wani dattijo na tarar a bayan tebur, tabarau a kan hanci, yana cin gyaɗa daga cikin ambulan. Ya karɓa, ya jefa a tire, ya ce, "To, an karɓa, sai ka ji daga gare mu."

Na ce, "Baba, a taimaka a buga mini hatimi a wannan kwafin."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Yaro, ba ka yarda da ni ba ne?"

"Wane ni, Baba. Jama'a ne suka aiko ni, in na koma hannu rabbana za su ce kuɗin mota na cinye."

Ya yi dariya, ya jawo aljihun tebur, ya hura wa hatimin iska, ya danna, ya sa hannu da kwanan wata. Wannan kwafin mai hatimi shi ne dukiyarka. Daga ranar da ke jikinsa ake fara lissafin kwana 7, kuma ba tare da shi ba, gobe za a rantse maka ba a taɓa ganin wasiƙar ba. In hukumar tana Abuja, aika ta kamfanin kai saƙo ka adana rasit da shaidar an karɓa. Ka ɗauki hotonsa a waya tun kafin ka bar harabar.

Gaskiyar magana, yawancin hukumomi ba sa amsawa a kan lokaci. Rana ta takwas ka aika tunatarwa, ka haɗa da kwafin ta farko, ka rubuta a ƙasa cewa an aika kwafi ga Babban Lauyan Tarayya, wanda doka ta ɗora wa sa ido kan bin ta. Mu sai bayan tunatarwar aka kira ni. Ba su ba mu komai da komai ba, amma sun ba mu BOQ da jerin biya, waɗannan kuwa sun ishe mu.

Je ka auna da idonka

Gani ya kori ji, amma ganin wanda bai san aikin ba rabin gani ne. Tafi da mai sana'ar: birkila in gini ne, mai gyaran famfo ko mai haɗa sola in rijiya ce. Ku je ku uku ko huɗu, da rana, da tef na awo da littafi. Kunna alamar wuri a kyamarar wayarka don kowane hoto ya ɗauki rana da inda aka ɗauke shi.

Sai ku bi BOQ layi-layi. An rubuta azuzuwa uku da ofis, nawa ke tsaye? An rubuta rodi mai lamba 16 a ginshiƙi, birkila zai gane in mai lamba 12 ko 10 aka saka. Goga bulo da ɗan yatsa. In yana zubar da yashi, an ja buhun siminti fiye da ƙima. Ɗaga kai ka dubi katakon rufi da kaurin kwano. An rubuta kujeru, silin, banɗaki, suna ina? A rijiya, ƙirga faifan sola, karanta ƙarfin da aka rubuta a bayansu, duba girman tanki da ke jikinsa, a buɗe murfin ramin a ga ko akwai injin a ciki.

Namu mai gyaran famfon ya ɗaura dutse a igiya ya zura. Da ya jawo muka auna da tef: ramin bai kai rabin zurfin da aka biya ba, dutsen kuma ya fito a bushe. Injin da BOQ ta ambata babu shi, wayar da ta sauka cikin ramin ba a haɗa ta da komai ba. A takardar biya kuwa an rubuta an kammala, an biya duka in ban da ɗan abin da ake riƙewa na lamuni.

Rubuta abin da kuka gani a jadawali mai gida uku: abin da takarda ta ce, abin da ke ƙasa, bambanci. Ku sa hannu dukanku. Ku ji ta bakin shugaban makaranta ko jami'ar asibitin, amma kada ku saka sunansu a ko'ina sai da yardarsu. Su ma'aikata ne, canjin wurin aiki zuwa ƙauyen da babu hanya ba ya wuya.

Ka kuma yi adalci. Wani aikin ba sata ta tsayar da shi ba. An ba da kwangila siminti yana wani farashi, kafin a biya ya ninka, ɗan kwangila ya bi kuɗinsa har takalminsa ya ƙare. In takarda ta nuna kashi 30 aka biya kuma aikin ya kai kashi 30, to ba shi ne abokin rigimarka ba, hukumar da ta riƙe kuɗin ce.

Kamfanin ma a leƙa shi. Hukumar rajistar kamfanoni, CAC, tana da wurin bincike kyauta a intanet. Zai nuna ranar rajista da adireshi. Kamfanin da aka yi wa rajista wata biyu kafin a ba shi aikin, biri ya yi kama da mutum. Amma zato ne, rubuta shi a matsayin tambaya.

Ƙofofin da ake bugawa, ɗaya bayan ɗaya

Fara daga gida. Kai wa mai unguwa ko dagaci rahoton kafin kowa ya gani, da limamin Juma'a, da shugabar ƙungiyar mata, tunda su ne ke tura yara neman ruwa da jarka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma mutum ɗaya sauƙin saye gare shi, sauƙin tsoratarwa. Namu dagacin ya ɗan ja da baya da farko. Na ce, "Allah ya ja zamaninka, ba ƙarar kowa muka kawo ba, ruwa muke nema." Ya karanta jadawalin sau biyu, ya ce a kawo masa biro.

Daga nan sai ofishin mazaɓa na ɗan majalisar. A je a miƙa kwafi, a nemi hatimi a nan ma, a ba shi mako biyu. Da yawa a nan maganar ke mutuwa da rai, wato a gyara aikin shiru, domin ba ɗan siyasar da ke son wannan jadawali ya kai gidan rediyo ana saura shekara zaɓe. A nan kuma ake gwada ku. Za a kira shugabanku gefe, a ce ga na goro, ko a yi wa ƙaninsa alkawarin aiki. Ku yanke shawara tun kafin ku je cewa ba mai ganawa da su shi kaɗai.

In ba a motsa ba, sai hukumar da ta ba da aikin, da wasiƙar koke wannan karon, haɗe da hotuna. In nan ma shiru, sai ICPC. Tun 2019 tana da shiri na musamman na bin ayyukan mazaɓu, wanda ya tilasta wa 'yan kwangila da dama komawa bakin aiki, ya kuma ƙwato taraktoci da motoci da kayan asibiti da aka karkatar. Tana da ofisoshi a jihohi, ciki har da Kano da Kaduna. Koken ya zama gajere: wane aiki, nawa aka ware, nawa aka biya, me ke ƙasa, ga takardu. Dokar hukumar ta tanadi ɓoye sunan mai ba da bayani, ta kuma tanadi ɗauri ga wanda ya kai ƙarya da gangan, saboda haka abin da ka tabbatar kawai za ka rubuta. In aikin na jiha ne, wasu jihohin suna da tasu hukumar, kamar ta karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta Kano. Akwai kuma Odita Janar na jiha da kwamitin binciken kuɗin gwamnati na majalisar dokoki. Rahoton odita na shekara-shekara cike yake da irin waɗannan, sai dai kusan ba mai karanta shi.

Rediyo da soshiyal midiya suna aiki, kada a raina su. Garin Bagega da ke ƙaramar hukumar Anka a Zamfara shaida ne. Gubar dalma daga haƙar zinare ta kashe ɗaruruwan yara a jihar tun 2010, gwamnatin tarayya ta yi alkawarin kuɗin tsabtace garin, aka yi ta jira. Sai da matasan ƙungiyar Follow The Money mai bin sawun kuɗin gwamnati, ƙarƙashin Hamzat Lawal, tare da wasu ƙungiyoyi suka hana kowa sakat a intanet, sannan aka saki kuɗin a farkon 2013. Sai dai a yi hattara da harshe. An sha kama 'yan jarida da masu rubutu a Facebook da sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, kuma gyaran da aka yi masa a 2024 bai hana 'yan sanda gayyatar mutane ba. Kada ka rubuta "wane ɓarawo ne". Rubuta cewa kasafi ya ware kaza, takarda ta nuna an biya kaza a rana kaza, ga hoton wurin jiya, muna neman bayani. Wannan ya fi zargi kai tsaye aminci, kuma ya fi zagi ciwo.

Tsarin kwarmata bayanai da Ma'aikatar Kuɗi ta fito da shi a Disamban 2016, mai ladan kashi 2.5 zuwa 5 na abin da aka ƙwato, an yi shi ne don wanda ya san inda aka ɓoye kuɗi. Ba don shi za ka bi rijiyar unguwa ba, kada ma ka sa rai.

Takardun asali su zauna wuri ɗaya, hotunansu kuma a wayar mutum uku daban-daban. Ka riƙe littafi da kake rubuta ranar kowace wasiƙa, kowane kira, da wanda kuka yi magana da shi.

Mu ba mu kai ga ICPC ba. Kwana goma sha ɗaya bayan mun miƙa jadawalin a ofishin mazaɓa, da sa hannun dagaci da liman a ƙasa, aka wayi gari motar haƙa tana ruri a bayan makaranta. Sun matsa kamar taku ashirin daga tsohon ramin suka fasa sabo, mai gyaran famfonmu yana zaune a kan bulo yana ƙirga bututun da ke shiga ɗaya bayan ɗaya. An sake fentin allon, an sa sabon hoto, an kuma sake buɗewa da guɗa kamar ba a taɓa yi ba. Ba wanda aka kama, jami'in da ya sa hannu a takardar kammalawa ta farko yana nan a kujerarsa. Kawunan famfo biyar cikin shida suna zuba. Na shidan yara sun karya shi, mun yi karo-karo za mu saya.

Yanzu fayil na biyu ke gabana, na azuzuwa uku da aka bari a matakin linta. Na kai wasiƙar ranar Litinin da ta wuce, dattijon nan yana hango ni ya jawo hatiminsa tun ban yi magana ba. Gobe kwana bakwai ke cika, tunatarwar tana cikin jakata, saura kwanan wata kawai.